Farfelar da Na Goge wa Lamba

Alhamis, 4 ga wata, ƙarfe 12:40 na rana

Ina cikin bas a harabar masaƙa, ina jiran 'yan aikin safe su tashi ƙarfe biyu in mayar da su gida. Wannan littafin don jirgina na wasa na saye shi, in riƙa rubuta wace farfela na ɗaura, sakan nawa ta yi a zagaye. Yau dai zai ɗauki kayan da ba nasa ba, don ba ni da wanda zan gaya wa.

Ya sake zuwa da safe, a babban shataletale. Ina shiga kwana sai titi ya tashi ta gefe ɗaya kamar an ɗaga tabarma. Na ƙanƙame sitiyari, na kafa ido a bayan wata motar kaya, na bi ta har muka fita. Bai fi sakan uku ba. Mutum talatin da biyu ne a bayana, babu wanda ya ɗago kai.

Jiri ne. Na rubuta sunansa sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Wannan ne karo na uku cikin kwana takwas.

Shekara ashirin da biyu ina jan wannan layin, ko fenti ban taɓa gogewa ba.

Juma'a, 5 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Na je wani asibiti can ƙarshen gari, inda ba wanda ya san fuskata. Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar ƙanwata autarmu ba. Ta sa na bi yatsanta da ido, ta leƙa kunnuwana, ta ce in haɗe ƙafa in rufe ido. Da na buɗe, hannunta yana kan kafaɗata. Ban ma san ta tare ni ba.

Ta tambayi sana'ata. Da na faɗa sai bironta ya tsaya.

"Baba, kada ka sake riƙe sitiyari sai an yi maka hoton kai. Ba shawara nake ba ka ba."

Na ce to, likita. Ta ambaci abu biyu da zai iya zama, ɗaya ƙarami, ɗaya ba ƙarami ba. Ba zan rubuta ko ɗaya ba. Ta ba ni takarda in kai babban asibiti.

Gidan da muke ciki na kamfani ne. Ranar da makullin bas ya bar hannuna, na gida zai bi shi, kuma yarana biyu ba wanda ya gama makaranta. Takardar tana cikin gwangwanin biskit ɗin da nake ajiye farfeloli, can ƙasa. Maman yara ba ta buɗe shi, ta ce warin mai yake yi.

Asabar, 6 ga wata, ƙarfe 4:15 na yamma

Na samo dabara, kuma a ganina ta fi ta likita.

Ita ta tsayar da ni ido rufe na sakan goma, shi ke nan ta yanke hukunci. Ba ta san abin da nake yi duk Asabar da Lahadi shekara goma sha huɗu ba. Jirginmu ba mai rimot ba ne. Sirirun wayoyi biyu ne, ƙafa sittin, a ɗaure a fiffikensa, ɗaya ƙarshen kuma a mariƙin da ke hannuna. Ina tsakiyar tsohon filin ƙwallo, jirgi yana zagaya ni, ni ma dole in juya tare da shi. Tanki ɗaya minti shida ne, zagaye saba'in, kuma babu birki. In inji ya tashi, sai mai ya ƙare. Maman yara takan ce ƙaton mutum da furfurarsa ya je fili yana hajijiya. To in akwai abin da zai tona asirin mai irin wannan ciwo, ai wannan ne.

Ga sharaɗin da na ɗaukar wa kaina. In na gama tanki ɗaya a tsaye, na cancanci tuƙi wannan satin. In na faɗi, ranar Litinin in kai wa Manaja makulli.

Mai Agogo ne ya riƙe min jirgin kamar kullum. Dattijo ne, gyaran agogo yake yi a bakin kasuwa, shi ya koya min wannan harka. Gwiwa ta hana shi shiga tsakiya tun bara waccan, sai dai ya saki jirgi in na ɗaga hannu, ya koma kujerarsa ta ninkewa yana danna agogon gudu yana rubutawa. Farfelar da na saba na ɗaura, goma-da-shida ta katako. Sakan biyar da ɗigo ɗaya take yi, tun da can haka take.

A zagaye na arba'in da ɗaya ya zo. Sandunan gola suka kwanta, suka tashi, suka sake kwantawa. Na manne ido a jirgi na ƙi kallon komai. Sauran zagayen ban san yadda na yi su ba. Da inji ya mutu na sauke shi lafiya, na zauna a ciyawa ina yi kamar waya nake warwarewa.

Ban faɗi ba, zama na yi da kaina. Amma don zuciya ta kwanta, gobe zan sake.

Lahadi, 7 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Lamba biyu ce a jikin kowace farfela. Ta farko tsawonta, inci goma. Ta biyu cizonta, wato yawan iskar da take kamawa a juyi ɗaya. In ka rage cizo jirgi zai rage gudu, mutumin tsakiya kuma ya rage juyi. Duk mai jirgi ya san wannan, ba wata ƙeta ba ce. Mutum yana da ikon ya ɗaura wa jirginsa abin da ya ga dama.

Na ɗaura goma-da-biyar.

Na gama tanki cif, ƙafafuna ko gezau. Da na fito Mai Agogo yana kallon agogonsa kamar an yi masa ƙarya.

"Direba, yau jirginka ƙoshi ya yi? Biyar da shida."

"Gwaji nake yi, Malam. An ce mai ƙaramin cizo ta fi daɗin kwana."

"Wa ya ce?"

"Mutane."

Ya rubuta a littafinsa.

Na ci jarrabawa. A hanya na saya wa yara lemo, na shigo gida ina fito, har Maman yara ta ce ko an yi min ƙarin girma ne.

Litinin, 8 ga wata, ƙarfe 3:20 na yamma

Na kai su, na dawo da su. Lafiya lau.

Talata, 9 ga wata, ƙarfe 12:30 na rana

Akwai wata da ke shiga a tsayawa ta biyu, ma'aikaciyar sashen rini. Ciki gare ta, ya kai wata bakwai, abokan aikinta suna kiranta Uwar Biyu. Sun bar mata kujerar da ke bayana don ta fi sarari. Tana zama ta jingina kai da gilashi, kafin mu kai gada ta yi barci.

Yau da za ta sauka ta tsaya a matakala tana gyara jaka.

"Baba Direba, ka san maigidana cewa ya yi in bar aikin nan saboda hanya? Na ce masa ai ba ka san direbanmu ba. Ko a gado ba na samun barcin da nake yi a motarsa."

Na yi dariya na ce Allah ya raba lafiya. Ta ce amin, ta sauka a hankali tana dafa ƙarfe.

Me ya kawo wannan magana yau? Shekara nawa tana shiga motar nan ba ta taɓa faɗa ba. Na kasa shan shayina.

Laraba, 10 ga wata, ƙarfe 5:25 na safe

A banɗaki. Na sunkuya wanke fuska, da na ɗago sai bango ya tafi. Na tarar da kaina a durƙushe, bokiti ya kife.

Maman yara ta buga ƙofa. "Baban yara, lafiya?"

"Santsi ne. Sau nawa zan ce a riƙa wanke sabulun ƙasan nan?"

Ta ce, "Jiya da yamma na goge shi."

Na yi mata faɗa a kan abin da ba ta yi ba, ta ba ni haƙuri. Wannan ya fi faɗuwar ciwo.

Na banɗaki ba ya cikin sharaɗi. Sharaɗi na fili ne.

Alhamis, 11 ga wata, ƙarfe 12:45 na rana

Bai zo ba. Ina jiransa tun daga gareji har masaƙa, jiran ma ya gajiyar da ni. Na ƙirga, shataletale ɗaya ne, gada ɗaya, lanƙwasar hanya goma sha tara. Da can ban san yawansu ba.

Asabar, 13 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Goma-da-biyar ta ci amanata. Zagaye na hamsin da biyu. Wannan karon har gwiwa ɗaya ta taɓa ƙasa, na miƙe da sauri kafin jirgi ya dawo ta gefen Mai Agogo. Ban sani ba ko ya gani. Kansa yana ƙasa yana rubutu, amma wannan tsohon ko ta ƙeya yana gani.

Gwiwa ɗaya ba faɗuwa ba ce. Faɗuwa ita ce mutum ya kwanta.

Na zube gwangwanin a kan tebur. Goma sha bakwai gare ni, na katako da na roba, wasu tun ina saurayin harkar. Na jera su ina ɗagawa ɗaya bayan ɗaya ina duba murɗinsu a hasken taga. Tara-da-shida gudu gare ta kamar an koro ta, na mayar. Goma-da-huɗu ta tsage a baki, mai tsaga kuwa ba a ɗaura ta, tana iya fizgewa ta cire wa mutum ido. Saura sha-ɗaya-da-huɗu, doguwa, mai faɗi, wadda na saya wa wani babban jirgi da ban gama haɗawa ba. Ta yi wa injina nauyi, na sani. Za ta danne shi ya riƙa nishi, jirgi ya tafi a sanyaye.

Na ɗora ta a kan allura na ga nauyin hannayenta ya daidaita. Daga nan na ɗauki samfefa na goge lambar da ke jikinta, na shafa mata mai har wurin ya ɓace.

Ban yi niyyar goge lambar ba. Hannuna ne ya yi, ni ina kallo. Takardar likita tana nan a ƙasan gwangwani, mai ya fara ɓata gefenta.

Lahadi, 14 ga wata, ƙarfe 12:10 na rana

Na gama tanki a tsaye.

Amma ban ji daɗin jirgin a hannuna ba. Jirgi mai lafiya jan hannu yake yi kamar akuya a igiya, wannan jan shi ne iko, shi ke sa in ka murɗa mariƙi ya ji. Yau wayoyin sun yi ciki, suna lilo. Na riƙa ja da baya kaɗan kaɗan don su miƙe. Sa'a ɗaya, babu iska.

Mai Agogo ya ɗauki jirgin ya juya farfelar da yatsa, ya kai ta kusa da tabarau.

"Wannan kuma 'yar gidan wa ce? Ba ta da suna?"

"Tsohuwa ce, lambar ta goge."

"Tsohuwa da sabon mai." Ya taɓa kan injin ya janye hannu. "Ka dafa shi. Shida da uku, Direba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

Na ce masa yana son ya ga mutum yana gudu kamar ɓarawo ne, mu tsofaffi a hankali muke tafiya yanzu. Bai yi dariya ba, shi da kullum shi ke fara tsokana. Ya sa agogon a aljihu tun kafin sauran 'yan fili su tashi nasu.

Litinin, 15 ga wata, ƙarfe 12:35 na rana

Ci ci ne. Ba a ce da wace farfela ba. Ni na kafa sharaɗin, na san abin da na ce.

Na karanta shafin Asabar ta farko don in tabbatar. Ban ambaci farfela a sharaɗin ba. To.

Ina tsoro. Wannan ma bari in rubuta shi sau ɗaya.

Talata, 16 ga wata, ƙarfe 4:40 na yamma

A kan gada, da dawowa. Tayar gaba ta dama ta hau dakalin gefe ta sauko. Bas ya yi tsalle, jakunkuna suka zube, wani a baya ya ce, "Baba Direba, yau an yi karin kumallo kuwa?" Aka kwashe da dariya. Na ɗaga hannu na ce rami ne. Babu rami a gadar nan, kowa ya sani, amma ba wanda ya kawo komai a ransa saboda ni ne.

A madubi na ga Uwar Biyu ta farka, hannunta biyu a kan cikinta. Ta dubi waje, ta dube ni, ta yi murmushi ta koma barci.

Ƙarƙashin gadar layin dogo ne. Ban taɓa lura da zurfin wurin ba sai yau.

A gareji Manaja ya ga farin shatin a gefen taya. Ya tsugunna ya shafa, ya miƙe ya kira mai wankin mota ya hau shi da faɗa, wai shi ya goga ta wajen juyawa. Mutumin yana rantsuwa, ni ina tsaye ina kallon takalmina. Daga nan Manaja ya dafa ni ya ce, "In sabon bas ya iso wata mai zuwa, kai za ka fara hawa. Su waɗannan yaran hannunsu rawa yake yi."

Na ce na gode, ranka ya daɗe.

Laraba, 17 ga wata, ƙarfe 12:30 na rana

Na kai su.

Alhamis, 18 ga wata, ƙarfe 6:10 na yamma

Na dawo da niyyar in gaya wa Maman yara. Tun daga gareji nake shirya maganar, har na san inda zan fara.

Na tarar ta fitar da kayan kicin tsakar gida, ta ɗaure kai da tsohon ɗankwali, tana shafa wa bango fenti da kanta. Ruwan ƙwai. Shekara uku tana maganar fentin nan. Ta juyo da ɗigo a hanci ta ce, "Baban yara, duba ka gani, kamar ba gidanmu ba."

Na ce ya yi kyau. Ta ce in riƙe mata kujera ta hau ta kai sama. Na riƙe. Gaskiya ni ma kujerar ce ta riƙe ni.

Ta duba ƙasa ta ce, "Ka rame fa. Kuma ka daina juya kai in ana kiranka, sai ka juyo da jiki duka kamar mai sanƙarar wuya."

Na ce matashin kai ne. Ta ce za ta sake min wani.

Juma'a, 19 ga wata, ƙarfe 5:50 na yamma

Sau biyu yau, ɗaya a gareji kafin in tayar, ɗaya a danja ina tsaye. Duka biyun motar ba ta tafiya. Na gode wa Allah, kuma na ji kunyar godiyar.

Sha-ɗaya-da-huɗu ba za ta kai ni gobe ba, jikina ya gaya min. Ba ni da wadda ta fi ta sanyi, a shago ma ba a sayar da irin wadda nake nema, don ba mai hankalin da zai nema. Na kwance ta, na ɗauko wuƙa da samfefa na zauna a bakin ƙofa. Na riƙa cin bayan hannayenta ina kwantar da murɗin, in goge in ɗora a allura, in goge in ɗora. Awa ɗaya da rabi. Yanzu ban san cizonta ba. Uku ne, ko bai kai ba. Ta yi siriri har haske yana ratsa bakinta.

Mai Agogo ne ya koya min gyaran farfela, ya ce ana yi ne don jirgi ya faɗi gaskiyar injinsa. Na tuna da maganar ina cikin gugar, ban daina ba.

Asabar, 20 ga wata, ƙarfe 2:30 na rana

Akwai iska yau. Sauran 'yan fili suka ƙi tashi, suka zauna a mota suna hira. Ni na shimfiɗa wayoyina.

Mai Agogo ya ce, "Direba, bari sai gobe."

Na ce yau nake so. In ban tashi ba babu jarrabawa, in babu jarrabawa babu Litinin. Wannan ban gaya masa ba. Ya dubi farfelar ya daɗe, sannan ya durƙusa da gwiwar nan tasa ya riƙe jirgin. Na ɗaga hannu ya saki.

Da ƙyar ya bar ƙasa. Zagaye shida ya yi yana rangaji. A na bakwai, da ya zo gefen da iska ke fitowa, iskar ta turo shi cikin da'ira. Wayoyi suka saki gaba ɗaya, mariƙi ya zama katako kawai a hannuna. Maganin wannan ɗaya ne, ka ruga da baya har su miƙe. Na yi taku biyu, a na uku ƙasa ba ta inda na bar ta.

Ina kwance na ji ƙarar injin ta wuce ta kaina, sannan na ji ya daki ƙasa.

Taku biyu daga kujerar Mai Agogo ya faɗi. Hannun farfela ɗaya ya fizge ya huda ledar kujerar, daidai inda cinyarsa take da bai miƙe ba. Sauran suka fito da gudu, ya ce musu ba komai, iska ce, su koma. Ya tako har tsakiya yana ɗingishi, ya zauna a ciyawa kusa da ni. Ban iya tashi ba tukuna.

Ya buɗe littafinsa ya karanta min a hankali.

"Biyar da ɗaya. Biyar da shida. Shida da uku. Yau bakwai da biyu. Jirgi ba ya tsufa cikin sati biyu, Direba."

Ya rufe littafin.

"Farkon abin na ɗauka ni kake ɓoye wa. Da na ga ka goge lamba sai na gane ba ni ba ne. Ni ai ina da agogo."

Na gaya masa. Shataletale, likita, takarda, sharaɗi, gada, duka. Yana jin sharaɗin ya rufe ido.

"Wato kai ne ɗalibi, kai ne mai jarrabawa, kai ne kuma mai satar amsa."

"Gidan na kamfani ne, Malam."

"Na sani. Na sha shayi a cikinsa." Ya tsinke ciyawa ya jefar. "Yau ka faɗi ko ba ka faɗi ba?"

Na ce iska ce ta jawo.

"Litinin za ka fita?"

Na lallaba na miƙe na ɗauki mariƙi. Ya taya ni naɗe waya, ya tsince guntayen jirgin ya zuba min a buhu. Bai yi min sallama ba.

Lahadi, 21 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Ban je fili ba, ba ni da abin tashi. Mai Agogo ya kira sau uku ban ɗauka ba. Ba zai kai ƙarata gun Manaja ba, na san shi, bai taɓa kai ƙarar kowa ba.

Maman yara ta mayar da kayan kicin. Tana ta kiran maƙwabta su zo su gani.

Litinin, 22 ga wata, ƙarfe 5:15 na safe

Wannan satin kawai. Zan tafi a hankali, in bi ta ƙasa in kauce wa gada. Asabar in kai takardar. Jarrabawar shekaranjiya ba ta ƙirguwa, da iska.

Litinin, 22 ga wata, ƙarfe 3:00 na yamma

Na ɗauki bas a gareji. Tsayawa ta farko mutum tara. Tsayawa ta biyu mutum shida, Uwar Biyu ta zauna a bayana ta ce ina kwana Baba Direba. Ina shirin rufe ƙofa sai na ga sanda a matakala.

Mai Agogo ne, da rigarsa ta fita, da hula. Unguwarsu tana can wani gefen gari, ban san ƙarfe nawa ya baro gida ba. Ya hau da ƙyar, ya zauna a kujerar gaba ta kusa da ƙofa, ya ɗora sandar a cinya.

Wani ya ce, "Baba, wannan motar ma'aikata ce."

"Na sani, ɗana. Baƙon direba ne ni."

Na ce masa a hankali, "Malam, don Allah sauka."

"A'a. Ka ce lafiyarka ƙalau, na yarda da kai. Mu je."

Bai dube ni ba, gaba yake kallo. Inji yana aiki, ƙafata tana kan kuloci, hannuna yana kan giya. Na dubi gwiwarsa, na dubi gilashin da ke gabansa, babu komai tsakaninsu. Na ga yadda zai tafi in na taka birki da ƙarfi. Ban san minti nawa muka yi ba. Aka fara cewa za mu makara.

Na kashe injin. Na ja birkin hannu na miƙe, na juyo na fuskance su, abin da ban taɓa yi ba shekara ashirin da biyu. Na ce ba ni da lafiya, kaina yana juyawa, likita ta hana ni tuƙi, zan kira gareji a turo wani. Wasu suka ce sannu, Allah ya sawwaƙe. Wata ta miƙo min ruwa. Suka fara sauka suna kiran masu kula da sashensu.

Uwar Biyu ba ta tashi ba sai da motar ta kusa zama wayam.

"Baba Direba, yaushe likitar ta hana ka?"

Da na ce jiya, da ta yarda. Na ce, "Ranar biyar ga wata."

Na ga tana ƙirgawa. Ta kai kan ranar gada, na gani a fuskarta. Ta dubi Mai Agogo, ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba.

"Wato shi ko tsayawa ɗaya ba ka iya kai shi ba. Mu kuwa ka kai mu kwana goma sha bakwai."

Ta miƙe tana dafa kujera. Na miƙa hannu in taimaka mata a matakala kamar kullum, ta riƙe ƙarfe ta sauka da kanta.

Makullin yana gun Manaja. Maman yara ta tafi kasuwa, ina zaune a kicin ina jiranta. Na juya maganar matar nan ta kowace fuska tun safe, ban sami inda ta yi kuskure ba.